FASHIN BAƘI: Rayuwar makiyaya a Dajin Rugu kafin bindiga, da abin da ya kamata a tambaya kan alƙawarin gandun kiwo

Duk lokacin da gardamar kiwo ta taso a Najeriya, maganar da ake ji daga bakin 'yan siyasa ɗaya ce: a daina yawo da shanu, a killace su a gandun kiwo na zamani irin na Amurka. A watan Yulin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da bai wa Jihar Katsina naira biliyan 6.25 domin wannan aiki. A Yulin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwon dabbobi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yammacin Katsina ya riga ya ga irin wannan gwaji tun shekarun 1960, a dajin da yau sunansa kaɗai ke sa gaban mutum ya faɗi. Wanda ke son ya auna sabon alƙawari, ya kamata ya fara sanin yadda aka zauna a wannan daji, yadda aka yi kiwo da ciniki da wasa a cikinsa, da kuma abin da ya warware zaman.

Ina ne Dajin Rugu?

Dajin Rugu ya shimfiɗu ne a yammacin Jihar Katsina, ya ratsa ƙananan hukumomin Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya haɗe da dazuzzukan gabashin Zamfara. Ta arewa kuma ba shi da nisa da dajin Babban Rafi na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Garuruwa irin su Ruma da Wagini da mazaɓar Darini a Batsari, da Runka da Babban Duhu da Zakka a Safana, duk rayuwarsu a ɗaure take da wannan daji, walau ta kiwo ko ta itace ko ta noma a gefensa.

Kalmar daji tana iya sa wanda bai san wurin ba ya zaci ƙurmi ne mai duhu. Ba haka yake ba. Fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi: marke da kirya da kanya da tsamiya da kuka, ga sabara da geza da kalgo a tsakani, ga duwatsu da ƙoramu masu kawo ruwa da damina su ƙafe da rani. Ruwan sama yana sauka ne wata huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watanni takwas saniya tana rayuwa ne a kan abin da waɗannan watanni huɗu suka bari. Wannan lissafi shi ne tushen komai a rayuwar makiyayi.

Yadda aka keɓe dajin

Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka keɓe wannan yanki a matsayin gandun daji na En'e ta Katsina, kuma a takardun gwamnati ana kiransa Ruma-Kukar Jangarai. A shekarun 1950 jami'an dabbobi na Arewa suka fara gargaɗin cewa gonaki na ci gaba da cinye makiyaya, kuma wata rana shanu za su rasa wurin tsayawa. Daga nan ne tunanin keɓe wa makiyaya filaye na dindindin ya samo asali, har gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta kafa dokar makiyaya a 1965.

Ruma-Kukar Jangarai yana cikin wuraren farko da aka gwada tsarin, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID. An yanka dajin shiyya-shiyya domin a riƙa kiwo a wata shiyya ana hutar da wata. An haƙa madatsun ruwa na ƙasa, an share layukan kare gobara, an kafa cibiyar kula da dabbobi a Runka. Wato tunanin gandun kiwo na Amurka ya taɓa zuwa Safana da Batsari da ƙafarsa, da ƙwararrunsa da kuɗinsa.

A faɗin ƙasar nan an keɓe makiyaya fiye da 400, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a gazet ɗin gwamnati. Sauran sun zauna ne a bisa amana, ba su da takardar da za ta kare su ranar da mai ƙarfi ya so filin.

Yini da shekara a ruga

Aiki a ruga yana farawa tun kafin gari ya waye. Bayan sallar asuba ake kwance maruƙa daga dangwali, a sakar wa kowane uwarsa ya ɗan tsotsa domin nono ya sauko, sannan a tatsa. Sai an bar raɓa ta ɗan bushe kafin samari su kora garke, da sanda da goran ruwa da ɗan guzurin fura. Da rana tsaka a gangara mashaya, da la'asar a juyo, kafin magariba shanu sun dawo an hura musu hayaƙi domin korar sauro da ƙuda.

Shanu na maigida ne a ido, amma nono na mata ne. Mace ce ke kaɗa shi ta fitar da man shanu, ta ɗauki ƙwarya ta nufi gari ko kasuwa, kuma da kuɗin ne take sayo hatsi da gishiri da kayan miya. Saboda haka matan ruga su ne suka fi kowa sanin gidajen Hausawan gari, su ne ke kai labari su kawo labari. A cikin garken ma ba duka shanun ne na maigida ba: akwai na mata da suka zo da su daga gidan iyaye, akwai waɗanda aka ba yara tun ranar suna, akwai kuma na manoma da 'yan kasuwa da aka ba da kiwo.

Yawancin shanun wannan yanki farare ne, irin da ake kira Bunaji, sai jajaye masu dogon ƙaho, Rahaji, waɗanda suka fi jure doguwar tafiya. Makiyayi ya san kowace saniya da sunanta da halinta da uwar da ta haife ta, kuma yana iya kiran ɗaya daga cikin ɗari ta ɗago kai.

Shekara ma tana da nata tsari. Da damina garke yana shiga cikin daji domin ya nisanci shuka, ya ci gamba da harkiya da kyasuwa. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sai ya fito gonaki ya ci kara da harawa. Da rani ciyawa ta zama ƙirare, ruwa ya koma ƙarƙashin yashi sai an tona, a sassabo ganyen itace, a tsinci 'ya'yan gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore lokacin da komai ya bushe. Masu manyan garkuna kan tura samari kudu, a bar 'yan shanun tatsa a gida. Bazara ita ce mafi wuya: shanu sun rame, ruwan farko ya sauka, manomi ya fara shuka, kuma dole garke ya koma daji ta burtali. Idan burtalin nan ya toshe, rigima ta samu.

Wasa a fili

Wanda ya tashi a birni yana iya ɗaukar rayuwar daji a matsayin wahala zalla. Amma dajin nan filin wasa ne ga duk wanda ya girma a gefensa, Bafulatani ne ko Bahaushe.

Yaron kiwo yana gina shanunsa da yumɓu tun kafin a ba shi na gaske, ya yi musu ƙaho da ƙaya. Yana yanka sarewa, yana harbin tsuntsu da danƙo, yana tsinkar kanya da magarya da aduwa da ɗinya gwargwadon lokacin kowanne. Da damina tafki ya cika a yi iyo, da farin wata a yi langa, 'yan mata su yi gaɗa. Dattawa kuma su tona gurabun dara a gindin tsamiya.

Bayan kaka ne manyan wasanni ke tashi, domin a lokacin ne rumbu ya cika, shanu suka yi ƙiba, kowa yana da abin kashewa. Samarin ƙauyuka su yi kalankuwa, a kafa fagen dambe da kokawa. Samarin Fulani kuma su yi sharo a bakin kasuwa ko wurin biki: saurayi ya tsaya ya ɗaga hannu, sa'ansa ya zabga masa tsumagiya a ƙirji ko haƙarƙari, kuma abin kunya ne ya motsa ko ya ɓata fuska, alhali 'yan mata na kallo. Malamai da hukumomi sun daɗe suna sukar wasan saboda raunin da ake ji, ya kuma ja baya a wurare da yawa. Sai dai a idon masu yin sa, makaranta ce ta haƙuri da juriya, halayen da ake buƙata ga wanda zai kwana da shanu a dawa.

Da rani kuma sai farauta. Maharba da 'yan farautar garuruwa daban-daban su sa rana, su fita da ganga da karnuka da gora, a zagaye daji a kora zomo da gada da zabo da fakara. Akan yi faɗa a kan nama, akan ji ciwo, amma akwai shugabanni masu raba gardama, kuma a irin wannan fita ce saurayi ke koyon hanyoyin daji da mashayansa.

Waɗannan wasanni suna da wani amfani da ba a lura da shi ba sai da suka tsaya. Su ne wuraren da ɗan ruga da ɗan gari ke haɗuwa ba don ciniki ko shari'a ba. Wanda kuka yi iyo a tafki ɗaya, ko kuka tsaya a fage ɗaya kuna yi wa ɗan dambe kirari, da wuya a zo maka da labarin cewa shi da danginsa duka maƙiyanka ne ka yarda nan take.

Abin da ya riƙe zaman

Zaman manomi da makiyayi bai taɓa zama babu saɓani ba. Shanu sun sha yin ɓarna, an sha biyan diyya, an sha fasa kai. Abin da ya hana saɓanin zama yaƙi shi ne kowa yana da buƙata a wurin ɗan'uwansa. Manomi yana gayyatar garke ya kwana a gonarsa da rani domin taki, har ya ba da damin gero. Makiyayi yana samun kara da rijiya. Ana musayar nono da hatsi. Idan ɓarna ta auku, ardo da mai unguwa da dagaci su je su duba, a yanke abin da za a biya, idan ta gagara a kai gaban hakimi.

Jangali ma, duk da ƙorafin da aka yi a kansa na zalunci da ƙirgen son rai, ya sa hukuma ta san ardon kowace ruga da adadin shanunsa. Lokacin da gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987, talakawa sun yi murna kuma suna da hujja. Amma ba a kafa wata hanya da za ta maye gurbin wannan rajista ba, sai alaƙar hukuma da ruga ta koma sai ranar rigakafi ko ranar zaɓe.

Yadda abin ya warware

Rushewar ba a dare ɗaya ta zo ba. Da masu ba da tallafi suka tafi, kuɗin gyara ya yanke: madatsun ruwa suka cike da yashi, layukan gobara suka rufe, tsarin hutar da shiyya ya mutu. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984, da annobar bushiya ta 1983, sun hallaka shanu masu yawa, suka mayar da wasu masu garke 'yan kiwon haya. Jama'a kuma ta ƙaru. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum kusan miliyan 56, ga shi yau an haura miliyan 200. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina kaɗai kimanin miliyan 5.8.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi, kuma da ita aka riƙa yanka gonaki a cikin makiyaya da kan burtali, sau da yawa ga masu hannu da shuni. Takin zamani ya rage wa manomi buƙatar garke, kara da harawa suka zama haja da ake tarawa a sayar. Masu saran itace da masu gawayi suka shiga da manyan motoci. An kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, amma yara da yawa a rugagen yammacin Katsina sun girma ba su taɓa zama a aji ba.

A kan wannan busasshen kara ne wuta ta faɗo. Daga farkon shekarun 2010 satar shanu da manyan bindigogi ta bazu daga Zamfara, kuma makiyaya ne suka fara ɗanɗana ta. Wasu da aka raba da garkensu suka shiga daji, wasu suka shiga don kwaɗayi. Ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, waɗanda a wurare da dama suka riƙa hukunta Bafulatani don kawai Bafulatani ne, 'yan bindiga kuma suka riƙa ɗaukar fansa a kan gari sukutum. Daga satar shanu aka koma satar mutane. A watan Mayun 2019 an kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta Batsari. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar. A Disamban wannan shekara aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga har sau biyu, na biyun a 2019, kuma duka sun wargaje. A 2021 ya hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin bakin daji, ciki har da Batsari da Safana, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023. A 2025 kuma al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da wasu maƙwabtansu suka ƙulla sulhu na kansu da mutanen daji. Abin lura shi ne, a irin waɗannan zama buƙatun da ake maimaitawa su ne tsofaffin nan: a bar mu mu shiga kasuwa, a buɗe burtali, a gyara mashaya, a gina makaranta da asibiti.

Amurkar da ake misali da ita

Masu cewa a yi irin na Amurka suna tuna shingen waya ne kawai. Gaskiya ne dokar 1862 ta raba wa manoma filaye eka 160 kowanne, kuma wayar ƙaya da aka yi wa rajista a 1874 ta kawo ƙarshen kiwon sake a manyan filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar. Amma ba cikin lumana aka yi ba. An kori 'yan asalin ƙasar daga filayensu, an kuma zubar da jini tsakanin manyan masu shanu da ƙananan manoma, kamar yadda ya faru a jihar Wayomin a 1892.

Shingen ma bai wadatar ba. Da kiwo ya yi wa filayen gwamnati yawa, ƙasa ta zaizaye, sai majalisar Amurka ta kafa dokar kiwo ta 1934, wadda ta tsara ba da lasisi, da ƙayyade adadin dabbobi da watannin da za su yi a wuri, da kuɗin da za a biya a kan kowace saniya. Har yau masu gandun kiwo da yawa a yammacin Amurka suna kai shanunsu filayen gwamnati wani ɓangare na shekara. Wato ko a can saniya tana tafiya. Bambancin shi ne akwai takarda, akwai jami'in da ke dubawa, akwai kotun da hukuncinta ke aiki.

Wasannin makiyayansu kuma, na hawan doki da kama maraƙi da igiya, sun zama sana'a. Bikin da ake yi a garin Shayan tun 1897 yana tara dubban baƙi duk shekara. Ba wasan ne ya fi sharo ko dambe armashi ba. Samun tsaro da tabbacin fili ne suka ba shi damar zama kasuwa.

Akwai misali mafi kusa. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, da dokar makiyaya a 2010 wadda ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne. Ta kafa kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye, an kuma kafa turaku a gefen burtali a wurare da dama na jihar Maraɗi. Rikici bai ƙare a can ba, amma aƙalla mai gona da mai garke suna da alamar da za su nuna.

Tambayoyin da suka rage

Gandun kiwo ba laifi ba ne, kuma matasan ruga da yawa sun gaji da kwana a dawa. Amma tarihin Runka ya nuna cewa gini ba shi ne mai wuya ba, riƙo ne. Don haka duk wanda ya zo da sabon alƙawari, akwai abubuwan da ya kamata a tambaye shi.

Wace takarda ce ta tabbatar da iyakar filin, kuma me za a yi da gonakin da aka riga aka yanka a ciki? Wa zai mallaki wurin, mai shanu talatin ko mai kwangila? Me shanun za su ci daga Fabrairu zuwa Mayu, kuma wa zai biya? A wane layi na kasafin kuɗi aka sa gyaran madatsun ruwa na shekara ta biyar da ta goma? Ina rabon mata, tun da nono nasu ne? Wa zai yi shari'a idan ɓarna ta auku, kuma me zai hana a mayar da ita hanyar tatsar kuɗi? Su kuma waɗanda aka kashe musu iyaye ko aka raba su da garke, a gari da ruga, wa zai saurare su?

Game da naira biliyan 6.25 na 2021, haƙƙin kowane ɗan jihar ne ya nemi jerin ayyukan da aka yi da wuraren da suke. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 an kafa ta ne domin irin wannan tambaya, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa suna da bakin da za su yi ta a zaure.

Akwai kuma ma'aunin da ba ya buƙatar takarda. Ranar da mai nono za ta fito daga ruga ta kai ƙwaryarta kasuwar Batsari ta koma ita kaɗai da yamma, ranar da samarin Darini za su sa ranar farauta ba tare da neman izinin mai bindiga ba, a ranar ce za a san an fara gyara.